Yadda zaka saita layin SIM na sabis ɗin da ka haɗa da kanka

To ga masu haɗa ƙaramin sabis na waya da manhajojin Open5GS ko srsRAN, inda mutane suka fi maƙalewa shi ne wajen layi. Layin MTN ko Airtel da ke wayarka ba zai yi maka ba, domin makullin sirrin da ke ciki, wato Ki, kamfanin ne kaɗai ya san shi kuma ba a karanto shi daga katin. Sai ka sayi katin da ake iya rubutawa, irin sysmoISIM na kamfanin sysmocom da ke Berlin a Jamus. Sannan ka nemi na'urar karanta kati ta USB, Omnikey 3121 ta wadatar, da kwamfuta mai Linux.

Ka sa pcscd da pcsc-tools, manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi magana da na'urar, ka soka katin, ka buga pcsc_scan. In ya nuno ATR, wato amsar farko da kati ke bayarwa, to na'urar ta ga katin, in shiru ne ka duba ko ka juya shi baibai kafin ka fara zargin manhaja. Daga nan ka sauko da pySim na Osmocom, manhajar karantawa da rubuta katin SIM, ka fara da pySim-read.py -p 0 don ganin ICCID (lambar katin kansa) da IMSI (lambar da sabis ke gane layi da ita) da katin ya zo da su.

Yanzu fa a nutsu. Kowane kati yana da lambarsa ta sirri, ADM1, mai lambobi 8, mai sayarwa ke turo ta haɗe da ICCID na kowane kati. Ita ke buɗe damar rubutu, kuma in ka sa ta ba daidai ba sau 3 shikenan ta kulle har abada, babu PUK ɗin da zai ceto ta, don haka don Allah ka gwada ICCID ɗin da ka karanto da wanda ke cikin jerin kafin ka danna komai, musamman in kati 10 ne zube a gabanka duk kamarsu ɗaya.

IMSI lambobi 15 ce: MCC, lambar ƙasa, sai MNC, lambar kamfani, sai lambar mai layi. Ka yi amfani da 001 da 01 na gwaji, ko MCC 999 da ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta ware wa sabis na cikin gida. Kar ka taɓa 621, ta kamfanonin Najeriya ce. Ki da OPc, makulli na biyu da ake tantance layi da shi, kuwa kowanne harafi 32 ne na hex, wato 0 zuwa 9 da a zuwa f, ka samar da su da openssl rand -hex 16, kowane layi da nasa. Umarnin rubuta katin kamar haka yake, ka sa naka a wurin ADM1, ICCID, KI da OPC:

pySim-prog.py -p 0 -a ADM1 -x 001 -y 01 -i 001010000000001 -s ICCID -k KI -o OPC

Abin da ka rubuta a kati shi zaka shigar a shafin Open5GS ba ƙari ba ragi, IMSI da Ki da OPc. A shafin akwai zaɓin OP akwai na OPc, ba ɗaya ba ne, kuma a nan da yawa ke kwana suna ganin MAC failure a log alhali zaɓi ɗaya kawai suka kuskure. APN na waya, wato sunan hanyar data, shi ma ya dace da na Open5GS, yawanci internet ne.

Maganar watsa sigina ta iska kuma ni ban ɗauke ta da wasa ba. Watsa sigina a mitar da aka sayar wa wani kamfani ba tare da lasisin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ba laifi ne, kuma kana iya katse wa maƙwabci kiran asibiti. Ka yi gwajinka ta kebul da abin rage ƙarfin sigina, ko cikin akwatin ƙarfe mai toshe sigina, ka sa wayar ciki ka zaɓi sabis ɗin da hannu a saitin waya.