Darasi na 9: Kafin Ka Sayi Gidan Haya

Mutane da yawa na ganin cewa wanda ya mallaki gidan haya ya huta, sai dai ya zauna kuɗi su riƙa zuwa. Gida dukiya ce mai kyau, babu shakka. Amma abin da ɗan haya ya miƙo maka ba shi ne ribarka ba. Riba ita ce abin da ya rage bayan gidan ya ci nasa.

Ɗauki biro da takarda, mu yi lissafin tare. Alƙaluman nan na misali ne kawai, kai ka sa naka. Mu ce ka sayi gida a kan 1,200, kana karɓar haya 10 duk wata. A shekara ka samu 120, wato kashi 10 cikin 100 na uwar kuɗinka. Nan ne masu sayarwa kan tsaya da lissafi, kai kada ka tsaya.

Ɗan haya ya tashi, gidan ya yi wata 2 babu kowa: an rasa 20, saura 100. Masu harkar gidaje da dama kan ware kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara domin gyara, wato 12, saura 88. Wakilin da ke karɓar maka haya ya cire la'adarsa 10, saura 78. Haraji ya ɗauki 6. Abin da ya shiga aljihunka 72 ne, kashi 6 cikin 100. Har yanzu riba ce, amma ta kusa raguwa da rabi.

Yanzu mu ce rabin kuɗin gidan, wato 600, bashi ka ciwo, da kuɗin ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara. Ruwan kaɗai 72 ne. Ka ga kenan duk wahalar shekara ta tafi wurin mai bashi, uwar bashin kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Wannan ne wurin da na fi so ka daɗe kana dubawa, domin mai bashi ba ya jiran ka samu ɗan haya. A rikicin gidaje na Amurka a shekarar 2008, farashin gidaje ya faɗi, mutane masu ɗimbin yawa da suka saya da bashi suka tarar bashin ya fi darajar gidan, bankuna suka ƙwace. Gida kuma ba ya sayuwa a kwana ɗaya. Ranar da ka matsu, mai saye ne zai yanka maka farashi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka ga gidan da idonka, in so samu ne bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ɗaga kai ka dubi silin: tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ce, ko da an shafe shi da sabon fenti yakan leƙo. Shafa gindin bango, in ka ji danshi ko fenti na ɓarewa, ruwa na hawa daga ƙasa. Tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, sai ka kira magini ya gani, domin tana iya zama matsalar harsashi. Buɗe famfo, kunna fitilu, leƙa banɗaki. Sannan ka kai takardun mallaka wurin lauya ya bincika a hukumar da ke rajistar filaye, a tabbatar mai sayarwa ne mai shi kuma ba a jinginar da gidan ba. Kuɗin lauya kaɗan ne in aka gwada da shari'ar shekaru.

Wajen zaɓen ɗan haya, haƙuri ya fi gaggawa. Ɗaki ya ƙara wata guda a rufe ya fi ka sa wanda zai shekara bai biya ba. Tambayi sana'arsa, ka nemi jin ta bakin tsohon mai gidansa. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne, yaushe za a biya, wa ke gyaran me, wa'adin kwana nawa za a bayar kafin tashi. Ko ɗan'uwanka ne, ku rubuta. In rigima ta taso, kada ka cire ƙofa ko ka watsar da kayan mutum waje, domin a ƙasashe da yawa kotu ce kaɗai ke da ikon tayar da ɗan haya. Kai ma ka sauke naka nauyin, wanda aka gyara masa yoyo a kan lokaci yakan daɗe a gida.

Ka ajiye kuɗin gyara daban, ka kuma tambaya game da inshorar gobara da ambaliya.

Aikin gida: sake lissafin da muka yi, amma a ce gidan ya yi wata 4 babu ɗan haya, sauran kashe-kashen suna nan yadda suke. Nawa ya rage wa wanda ya saya da kuɗinsa? Wanda ya ci bashin 600 fa, nawa zai ciro daga aljihunsa?