Yadda Ake Shirya Tafiya Ƙasar Waje Domin Aikin Sa Kai Ga Marayu

Wanda ya ƙudiri aniyar tsallaka iyaka domin taimakon marayu, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya sauka a gidan marayu, ya yi mako biyu yana wasa da yara, ya dawo da hotuna. Irin wannan tafiya ce aka fi tallatawa a intanet, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani ga yaran.

Matakin farko shi ne ka san su wane ne za ka je ka taimaka wa. Ƙungiyoyin kare yara irin su Lumos da Save the Children sun daɗe suna bayyana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ko rashin kuɗin makaranta ya raba su da gida. A Kambodiya yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, a daidai lokacin da baƙi ke tururuwa ƙasar, domin wasu sun gane cewa yaro mai yagaggiyar riga jari ne da ke jawo kuɗin baƙo. Abin ya kai ga Ostareliya, lokacin da ta kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bauta.

Mataki na biyu, ka auna abin da ka iya. Nas, malamin makaranta, akanta, mai haƙa rijiyar burtsatse ko mai koyar da sana'a duk suna da gurbi, musamman idan za su horar da ma'aikatan wurin. Aikin da ba za a ba ka a ƙasarka ba saboda rashin shaidar ƙwarewa, bai dace ka yi shi kan 'ya'yan wasu ba.

Zaɓen ƙungiya shi ne mataki na uku, kuma nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, da ƙungiyar VSO mai tura 'yan sa kai ƙasashen waje, da aka kafa a Birtaniya a 1958, suna ɗaukar mutum ne bisa ƙwarewarsa bayan tantancewa. Kowace ƙungiya ka tuntuɓa, ka nemi ta turo maka rubutacciyar ƙa'idarta ta kare yara da shaidar rajistarta a ƙasar da take aiki, ta kuma fayyace maka inda kuɗin da za ka biya zai shiga. Sannan ka tambaye ta yara nawa ta mayar hannun danginsu a bara. Wadda ke biya wa gwauruwa kuɗin makarantar 'ya'yanta, ko take tallafa wa kaka mai riƙon jikoki, ta fi kusa da abin da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da suka rabu da iyayensu suka tanada, wato yaro ya tashi cikin iyali. Ruwanda ta kama wannan hanya tun 2012. Idan kuwa ƙungiya ta amince ta haɗa ka da yara ba tare da ta binciki tarihinka ba, to haka za ta amince wa mugu, sai ka ja baya.

Na huɗu, takardu. Ka tabbata bizar da ka nema ta halatta aikin sa kai, domin a ƙasashe da dama bizar yawon buɗe ido ba ta ba da wannan dama. Ka tanadi takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, inshorar lafiya da katin rigakafin cutar shawara inda ake buƙatarsa.

Mataki na ƙarshe yana can inda ka sauka. Za ka iya ganin yarinya 'yar shekara huɗu ta rugo ta maƙale maka a ƙafa tun ranar farko, ba ta ko san sunanka ba. Abin zai sosa maka rai, amma masana tarbiyyar yara suna kallonsa a matsayin alamar yaron da bai samu tsayayyen mai reno ba, kamar yadda binciken da aka fara a gidajen marayun Bukares ta Romaniya a 2000 ya nuna. Saboda haka ka bar reno ga masu renon da za su ci gaba da zama, kada ka keɓe da yaro, kada ka saka fuskarsa a Facebook, kada ka yi alkawarin dawowa alhali ba ka da tabbas. Kafin ka taso, ka rubuta duk abin da ka fara, ka damƙa shi ga ma'aikacin wurin da kuka yi aikin tare, kuma idan akwai kuɗin da ya rage a hannunka, ka miƙa shi ta asusun ƙungiyar ka karɓi rasit.