Ba kowace ƙishirwa ce ta zafin Makka ba

Salamu alaikum iyaye mata na wannan zaure. Abin da ya same mu ne ya sa na ce bari in yi magana.

Ɗan yayata, mai shekara 14, wata guda yana kwankwaɗar ruwa kamar raƙumi, cikin dare ya tashi fitsari sau huɗu, wando na zame masa a ƙugu. Muka ce zafin gari ne da tsayin da yake yi. Ashe ciwon sukari ne, nau'i na ɗaya, wanda sai da allurar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Sai da ya fara amai muka kwashe shi zuwa asibiti.

Don Allah in kin ga haka, a gwada jini. Ɗan tsira yatsa ne kawai. In an auna kafin karin kumallo sukarin jinin ya kai 126, a ga likita, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ku duba bayan wuyan 'yan matanku ma. Baƙin nan mai kauri da muke dirzawa da soso muna faɗan ƙazanta, sau da yawa alama ce jiki ba ya jin insulin, musamman ga mai ƙiba da ba ya rabuwa da lemon kwalba.

Wanda ke kan allura kuwa, kada dabino ya bar aljihunsa. In ya fara rawar jiki da zufa, awo ya sauka ƙasa da 70, ya ci uku nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya. Insulin kuma a firji, ban da cikin mota.