Yadda Ake Saita Ƙafar Tsohuwar Motar Gudu Ta Yi Laushi Kuma Ta Riƙe Hanya

Duk mai tsohuwar motar gudu irin su MGB, Triumph Spitfire ko Datsun 240Z, ba zai rasa wanda zai ba shi shawarar ya sa mata sifirin mai tauri, ya sauke ta ƙasa ba, wai sai ta fi shan kwana. Da yawa sun bi shawarar, sun zuba kuɗi, suka ƙare da motar da ke karya musu ƙugu a kowane rami, riƙon hanyar kuwa bai ƙaru ba. Taya tana riƙe hanya ne muddin tana taɓa ta. Idan ƙafa ta yi tauri fiye da kima, da an hau gargada a tsakiyar kwana sai tayar ta yi tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Lotus Elan ta 1962 sifirinta mai laushi ne, amma har yau ana buga misali da ita wajen kwana, saboda ba ta da nauyi kuma shokobarta ta dace da sifirin.

Aikin yana da tsari, kuma canza sifirin shi ne na ƙarshe.

Fara da mayar da motar yadda aka ƙera ta

Yawancin tsofaffin motocin da ake kuka da lilonsu, tsufa ne ya ci ƙafarsu, ƙirar ba ta da laifi. Ka ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfen tokari, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, ka ji ko akwai wasa a boljoyin ko a sitiyari. Duba bushin da ya tsage, da shokobar da ke yoyon mai. Bayan ka sauke ta a fili shimfiɗaɗɗe, auna tsayinta a kusurwa huɗu ka kwatanta da abin da littafin motar ya faɗa. Sifirin baya mai falle-falle, irin na MGB, yakan kwanta da shekaru, sau da yawa ɓangaren direba ya fi.

Masu MGB mai bamba ta roba su sani cewa daga ƙarshen 1974 kamfanin ya ƙara mata tsayi kimanin inci guda don cika dokokin Amurka, abin da ya ɓata mata kwana. Sauke irin wannan zuwa tsayin 'yan'uwanta na farko gyara ne mai ma'ana.

Taya kafin komai

Nan ne ake samun canji mafi girma da kuɗi mafi ƙanƙanta. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar da ta haura shekara 10 robarta ta bushe, ko da zanenta na nan kamar sabo, kuma ita kaɗai ta isa ta sa mota ta yi tauri ta kuma riƙa zamewa.

Kada ka ruɗu da babban wili da siririyar taya ta motocin zamani. Waɗannan motoci an zana su ne da taya mai dogon gefe, kuma gefen nan sifirin ne shi ma, yana shanye ƙananan duwatsu kafin su iso ƙafa. Taya mai faɗi sosai tana sa sitiyari ya yi nauyi, tana bin kowane tsagi a kan titi, tana kuma matsa wa ƙafar da ba a yi ta don wannan riƙon ba. Tsaya kusa da girman asali. Michelin XAS da Pirelli Cinturato har yanzu ana yin su don irin waɗannan motoci. Iska kuwa, fara da abin da littafi ya ce, ka ƙara ko rage fam 2 a lokaci guda, taya na da sanyi.

Bushin

Bushin leda mai tauri ya fi na roba daɗewa kuma yana kaifafa sitiyari, amma yana shigo da ƙara da jijjiga cikin mota. Ni dai ra'ayina a sa shi a sandar hana lilo kawai (sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama), a bar roba mai kyau a hannuwan ƙafa da idon sifirin. Idan za ka ɗaure notin bushin roba, sai motar ta zauna a kan tayoyinta da nauyinta. Wanda aka ɗaure ƙafa na reto zai kasance a murɗe kullum, ya tsage da wuri.

Shokoba, inda ainihin aikin yake

Sifirin yana ɗaukar nauyi, shokoba ce ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta wuce rami. Tana aiki ta fuska biyu, lokacin da taya ta dannu sama da lokacin da take komowa ƙasa. A motar titi ƙarfin komowa yakan ninka na dannuwa sau 2 zuwa 3. Idan dannuwa ta yi tauri, za ka ji kowane dutse a bayanka. Idan komowa ce ta yi yawa, a jerin gargada ƙafar ba ta samun damar miƙewa, sai motar ta yi ta nutsewa har ta zauna a kan robar tsayawa, wato robar da ke tare ƙafa idan ta dannu har ƙarshe.

In ka sayi mai saiti, irin ta Koni ko Spax, fara daga mafi laushi. Zaɓi hanya guda mai kwana da gargada, ka bi ta, ka ƙara tauri kaɗan, ka sake bi. Da zarar motar ta daina lilo bayan tudu, wato ta hau, ta sauka, ta zauna sau ɗaya, ka tsaya nan. In ka ji ta fara bugu, koma baya mataki guda. Rubuta duk abin da ka taɓa, kuma kada ka canza abu biyu a tare, don ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Tsohuwar shokoba mai hannu ta Armstrong da ke kan MGB ba abar rainawa ba ce. Sau da yawa mai ne ya ƙare mata, ko tana son a sake mata bawul.

Sandar hana lilo

Idan har yanzu motar tana kwantawa a kwana fiye da yadda kake so, wannan sanda ce magani, domin ba ta aiki sosai idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, don haka ba ta cika rage laushin motar ba. Sai dai a yi hattara da lissafinta: taurinta yana bin lissafin kauri sau kauri sau kauri sau kauri ne. Daga milimita 14 zuwa 19 ba ƙaramin ƙari ba ne, taurin ya haura ninki uku. Ƙara ta gaba yana sa hancin mota ya riƙa miƙewa a kwana, ƙara ta baya yana sa bayan ya riƙa zamewa. A titi na farkon ya fi aminci, don haka fara da gaba.

Spitfire ta farko matsalarta daban ce. Tayar baya takan lanƙwashe ciki a kwana mai tsanani saboda ƙirar aksil ɗinta, kuma tauri ba ya gyara wannan. Kamfanin ya magance shi a Mk IV ta 1970 da sifirin da ke juyawa a tsakiya, kuma ana iya sa shi a tsofaffin tare da sandar gaba mai kauri da ta zo da shi.

Sai sifirin, in har da buƙata

Masu zanen mota suna auna tauri da yawan hawa da saukar da mota ke yi a kan sifirinta a daƙiƙa: motar iyali wajen 1 zuwa 1.5, motar gudu ta titi 1.5 zuwa 2. Abin da ya wuce haka na filin tsere ne. Baya yakan ɗan ɗara gaba, don motar ta sauka a daidai bayan tudu. Ƙara tauri kaɗan-kaɗan, kuma kada ka yanke sifirin don sauke mota. In ka sauke ta, tabbatar akwai sauran tazara kafin ƙafa ta taɓa robar tsayawa, ko da mutum biyu da kaya a ciki.

Duk lokacin da tsayi ya canza, sai an sake alaimen. Motocin da aka zana a zamanin tsohuwar taya mai zare gicciye sukan zo da saman tayar gaba a ɗan karkace waje. Tayar radiyal ta fi son ta miƙe ko ta ɗan jingina ciki, kamar rabin digiri zuwa digiri 1. Ka gaya wa mai alaimen irin tayar da ke kan motar kafin ya fara.