Yadda Ake Rage Itatuwa a Gona Ba Tare da an Talauta Ƙasa Ba

Duk wanda ya ratsa gonakin Miriya, Matamai da Magariya, a yankin Damagaram na ƙasar Nijar, ya ga yadda gawo ya sake cika jigawa, kuma inda itatuwa suka yawaita, dole wata rana manomi ya zaɓi wanda zai bari da wanda zai cire. Zaɓin nan shi ne zuciyar sassaben zamani, wato renon itatuwan da suka toho da kansu a gona maimakon share su duka, domin abin da aka yi wa itace a sama, ƙasar da ke gindinsa ce take ɗaukar sakamakonsa.

A fara da zagaya gona a cikin bazara, kafin ruwan shuka, ana duba kututturan sabara, kalgo da magarya da suka yi toho. A kowane kututture a bar rassa biyu zuwa biyar, waɗanda suka fi kauri da miƙewa, a sare sauran. A yi aikin da gatari ko adda mai kaifi, kuma a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, saboda saran da ya fito daga sama yakan tsage ɓawo ya buɗe wa ƙwari da ruɓewa hanya. Ƙananan rassan da ke jikin waɗanda aka bari kuwa, a datse su zuwa rabin tsawon itacen kawai.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi yi wa sakaci, shi ne makomar abin da aka sare. Mafi yawan sinadaran da hatsi yake bukata suna cikin ganye da siraran rassa, ba cikin gungume ba, saboda haka mai gona yana iya kai itacen girki gida, amma ganyen ya kamata a baza shi a wuraren da ƙasa ta yi fako. Gara za ta ci shi, ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar shiga, rassan kuma su tare ƙurar da iska take ɗauke da ita. Wanda ya tara ganyen ya cinna masa wuta, toka kawai ya samu, sinadarin naitirojin kuwa ya bi hayaƙi.

Kada a rage da yawa a lokaci guda. Idan rana ta samu ƙasa kai tsaye, zafi yakan ƙaru, damshi ya tsere da wuri, ruɓaɓɓen ganye ya ƙare cikin sauri. Shekarar farko hatsi yana iya yin kyau, daga baya gonar ta koma baya, iskar farkon damina kuma ta binne ƙananan shuka da rairayi. Inuwa mai yawa ita ma tana sa hatsi ya yi tsawo babu zangarniyar kirki, don haka a kaina na fi son a rage kaɗan bana, a duba, a ƙara baɗi.

Gawo kuwa hukuncinsa daban ne, tun da a damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka haske, a rani kuma dabbobi suna kwana a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna barin taki. Ba a banza sarakunan Damagaram na dā suka tsananta hukunci a kan mai sare shi ba, kuma har yau doka tana kare shi, saboda haka kafin a taɓa babban gawo sai an nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Ƙananan da suka tsiro a cunkushe, a bar wanda ya fi lafiya, da tazarar da idan sun girma rassansu ba za su haɗu ba.