Kurakuran da aka fi yi wajen yanka fim ɗin silaid da sa shi a firam

Fim ɗin silaid, wato wanda ake haska hotonsa a bango da majigi, ba shi da nagetif. Abin da aka ciro daga kyamara aka wanke, shi ne hoton kansa, don haka in almakashi ya ci gefensa, ya tafi ke nan. Yawancin ɓarnar da nake gani a nan Jos ba a wurin ɗauka take faruwa ba, a kan tebur ne, bayan an gama wanki.

Babban kuskure shi ne yanka da ka. A fim mai faɗin milimita 35, kowane hoto milimita 24 ne da 36, tazarar da ke tsakanin hoto da hoto kuwa ba ta wuce milimita biyu ba. Tazarar nan baƙa ce ƙirin a silaid. To in hoton dare ne, ko na cikin ɗaki mai duhu, ido ba zai bambanta ƙarshen hoto da farkon tazara ba. Mutum ya ɗaga fim wajen taga, ya kanne ido, ya datse, sai ya tarar ya cire wa amarya kafaɗa. Gyaran shi ne a ɗora fim a kan akwatin haske, ko a sami 'yar na'urar yanka mai fitila a ƙasa. In babu ko ɗaya, a ƙirga ramukan gefe: takwas ne ga kowane hoto. Ni ƙirgar nan na fi yarda da ita, domin ba ruwanta da ɗauke wuta.

Almakashin ma a duba shi. Wanda ake yanka leda da zare da shi a gida ba zai yi ba. A ware mai dogon baki, mai kaifi, wanda zai raba fim a sara ɗaya.

Sai taɓawa da hannu. Fim fuska biyu gare shi, ɗaya mai sheƙi, ɗaya dusu-dusu, kuma a dusu-dusun ne hoton yake. Maiƙon yatsa in ya kwana a kai, da wuya ya fita. Safar hannu ta auduga, ko hantsaki a riƙe ta gefen ramuka. Kada kuma a hura da baki, yawu ne ake fesa masa.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. Da hunturu iska ta bushe, fim yana jan ƙura kamar maganaɗisu, sai an bi shi da famfon iska na roba da burushi mai laushi kafin a rufe firam. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, matsalar laima ce. Masu son firam mai gilashi, irin na kamfanin Gepe, su ne suka fi shan wahala: su rufe fim bai gama bushewa ba, laima ta maƙale a ciki, bayan 'yan watanni fumfuna ta yi saƙa a kan hoton. Gilashi mai santsi kuma yakan haifar da wasu zobba masu launin bakan gizo inda ya manne da fim; akwai gilashi mai ɗan kaushi da aka yi don maganin wannan. A ganina, in ba kullum za a riƙa haska hoton ba, firam na roba marar gilashi ya wadatar.

Girman firam duk ɗaya ne, santimita biyar da biyar, amma kauri ya bambanta. Mai gilashi yakan cije a faifan jera silaid na majigin Kodak Carousel mai ɗaukar silaid 140; mai ɗaukar 80 ake nema masa.

Na ƙarshe, juyi. A majigi kai ƙasa silaid yake shiga, fuskar dusu-dusu tana kallon bangon da ake haskawa. Na taɓa haska hotunan Dutsen Shere a gaban baƙi, allon kan hanya ya fito rubutunsa a baibai, aka yi ta dariya. Tun daga ranar, in na riƙe silaid yadda hoton yake daidai, sai in ɗiga masa jan biro a kusurwar ƙasa ta hagu. Wajen lodawa, ɗigon ya koma sama ta dama, inda babban yatsa zai kama.