Yadda Za A Kauce Wa Haɗarin Foklif A Sito

Foklif, wato injin ɗaga kaya mai cokula a gaba, da tayoyin baya yake juyawa, shi ya sa idan ya sha kwana bayansa ke fita waje ya matse wanda ke tsaye jikin kanta ko bango. Nan ne ƙafafun mutane kan karye. A shata wa masu tafiya ƙasa hanyarsu da fenti.

Direba, sauke cokulan zuwa santimita 10 ko 15 daga ƙasa, ka karkato kayan baya. Danna ham a kowace kwana da bakin ƙofa. In kaya sun tare maka gani, tafi da baya.

Idan injin zai kife, kada ka yi tsalle, rufinsa zai danne ka. Ɗaura bel tun farko, riƙe sitiyari gam, ka karkata ɗaya gefen, ba inda injin ke faɗawa ba.